Doka Tana Ofis, Guba Tana Duro

 Maganar wannan mako a kan wani al'amari ne da ya shafi ran talaka da dukiyar attajiri baki ɗaya, watau dokokin da aka sabunta don tsare mutane daga haɗarin sinadarai a masana'antu, da abin da ya hana amfaninsu ya game jama'ar Kano.

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku. Bompai ita ce babba, gama tun zamanin Turawa aka fara kafa injuna a cikinta, sa'an nan Sharada da Challawa suka biyo baya. A cikinsu akwai majemu na zamani, da gidajen yin robobi, da katifa, da sabulu, da fenti, da man girki. A gabashin gari kuwa, bisa hanyar Maiduguri, ga Hotoro inda daffon mai yake, wanda aka haɗa shi da bututu zuwa matatar Kaduna da aka buɗe cikin 1980. Sa'ad da aka gina waɗannan wurare duk a bayan gari suke, ba kome kewaye da su sai gonaki. Yau kuwa gari ya cim musu. Gida yana jingine da katangar masana'anta, makarantar allo tana kallon ƙofar da tankoki suke fita, mai shayi yana hura wutarsa a gindin motar mai. Saboda haka haɗarin da ke cikin katanga ba na ma'aikata kaɗai ba ne, na unguwa ne duka.

ABIN DA KE CIKIN DURO

Majemin dā a cikin birni da bagaruwa da toka yake aiki, marini kuwa da baba da toka. Ɗa ya gaji sana'ar daga ubansa, ya san abin da yake ƙuna da abin da ba ya ƙuna tun yana yaro. Majema ta zamani ba haka take ba. Kayan aikinta daga ƙetare suke zuwa cikin duro da buhu, da rubutun da lebura ba ya iya karantawa.

Ana zare gashin fata da farar ƙasa da wani gishiri mai suna salfaid, daga baya a jiƙa ta cikin asid, sa'an nan a jeme ta da kuromiyam. In ruwan salfaid ya gamu da ruwan asid cikin kwata ɗaya ko rami ɗaya, sai wata iska ta tashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. Mugun halinta shi ne, in ta yi yawa sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta wuce, alhali kuwa a lokacin ne ta fi kisa. A ƙasashe da yawa an sha ganin lebura ɗaya ya shiga yashe rami ya faɗi, na biyu ya shiga ceto ya faɗi, na uku ma haka.

Kilorin da ake tsarkake ruwan famfo da shi a cikin tukwanen ƙarfe yake zuwa, in ya tsere yana bin ƙasa yana ƙona huhu. Amoniya da ake sanyaya manyan ɗakunan ajiya da ita tana makantar da ido, tana shaƙe numfashi. Tururin fetur kuwa yana bin lambatu ya yi tafiya mai nisa, har ya tarar da murhun wata mai tuya, wutar ta biyo shi ta komo inda ya fito. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duron mai da aka juye, wanda ake cewa ba kome ciki, ya fi cikakke saurin fashewa in mai walda ya sa masa wuta, domin tururi ne ya cika shi.

YADDA DOKOKIN SUKA SAMU

Wanda ya bi tarihin waɗannan dokoki zai ga kusan kowace ɗaya a bayan wata masifa aka rubuta ta. Cikin 1976 wata masana'anta ta saki guba a kan garin Sebeso na ƙasar Italiya, sai ƙasashen Turai suka yi dokar manyan haɗura cikin 1982. A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar 3 ga wata, ruwa ya shiga wani tanki a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a birnin Bofal na ƙasar Indiya. Guba wajen tan 40 ta tashi ta sauka a kan unguwannin talakawa da suka yi gidaje a jikin katangar. Dubban mutane suka mutu cikin 'yan kwanaki, fiye da 500,000 suka shaƙe ta. Da aka bincika, sai aka tarar na'urar sanyaya tankin a kashe take, hasumiyar da za ta ƙone gubar kuma ba ta aiki. Kayan tsaron suna nan, sakaci da tsumulmular kuɗi ne suka kwantar da su. Bayan wannan ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan sinadarai cikin 1990, da wata a kan hana manyan haɗuran masana'antu cikin 1993.

Nijeriya ma ta ɗanɗana nata. Cikin 1988 aka gano dubban durarruka na guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. A shekarar nan gwamnatin soja ta yi dokar hana shigo da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar tsare muhalli ta tarayya. Dokar Masana'antu da ake aiki da ita kuwa ta 1987 ce, ita ta maye gurbin ta zamanin Turawa.

Daga nan aka yi ta sabuntawa. Cikin 2007 aka kafa Hukumar NESREA don tilasta bin dokokin muhalli. Cikin 2009 aka fitar da ƙa'idodi na musamman ga masaƙu da majemu, da wasu ga masu yin sinadarai da magunguna da sabulu. Cikin 2010 aka yi sabuwar dokar diyyar ma'aikata, cikin 2014 aka yi ƙa'idodin sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari, cikin 2020 aka sake duba manufar ƙasa game da lafiyar ma'aikaci a wurin aiki. Dokar man fetur ta 2021 ta danƙa kula da daffo irin na Hotoro da gidajen mai da na gas a hannun Hukumar NMDPRA. Cikin 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa amincin wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, a shekarar kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyarta mai lamba 187. Shigo da sinadaran masana'antu kuwa sai da izinin Hukumar NAFDAC. Ashe dai ba ƙarancin doka ne yake damun Kano ba.

ABIN DA DOKA TAKE NEMA

In aka tattara waɗannan dokoki aka tace su, abin da suke nema daga mai masana'anta ba ya da wuyar ganewa. Na farko, ya yi wa masana'antarsa rajista, ya bar sufeto ya shiga ya duba. Na biyu, ya san kowane sinadari da ke cikin sitonsa da yawansa, ya raba waɗanda ba sa shiri da juna, kada asid ya kwana kusa da salfaid, kada mai ya kwana kusa da wuta. Na uku, kowane duro ya kasance da alama, kowane sinadari kuma da takardarsa mai bayyana cutarsa da abin da za a yi in ya zuba. Na huɗu, a koya wa ma'aikaci, a ba shi safar hannu da tabarau da takunkumi da takalmin roba, kada kuma a tura kowa cikin rami ko tanki sai an tabbata iskar ciki ba ta kisa, da wani a bakin ramin yana tsaronsa. Na biyar, ƙofofin fita su kasance ana iya buɗe su daga ciki muddin akwai mutane a wurin aiki. Na shida, a yi shirin ko-ta-kwana tun kafin ranar tsautsayi, in kuwa haɗari ya auku ya kashe ko ya nakasa wani, a sanar da hukuma. Har wa yau dokar 2010 ta ɗora wa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun Hukumar NSITF, don a sami abin biyan diyya.

Alamun duro kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta daidaita su ga duniya duka cikin 2003. Guda 9 ne, kowace a cikin zane mai kusurwa huɗu da jan baki. Harshen wuta yana nufin abu mai saurin kamawa. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, guba mai kisa nan take. Ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe, abu mai cin nama. Mutum da tauraro a ƙirji, cuta mai ɓoyewa sai daga baya ta bayyana. Mataccen kifi da busasshen itace, abin da bai kamata ya shiga kogi ba. Yaron da ya iya haddace izu sittin ba zai kasa riƙe alamu 9 ba, in an sami mai nuna masa.

INDA IGIYAR TAKE TSINKEWA

To, me ya sa duk da haka ake ta jin labarin asara? Abubuwan da suka auku cikin 'yan shekarun nan sun isa amsa.

Cikin watan Maris 2021 mutane suka yi ta kwanciya a asibitocin Kano da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami. Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta ce mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta. NAFDAC ta bayyana cewa an sami wani sinadari mai suna haidiroksilamin, wanda ba na ci ba ne, an sayar da shi da sunan ɗan tsami. Farin gari ne kamar kowane farin gari. Da ya rabu da takardarsa ya shiga kasuwa, ba wanda ya ƙara sanin ko mene ne.

Cikin 2022, a unguwar Mundadu, masu sana'ar gwangwan suka fasa wata tsohuwar tukunyar ƙarfe don su sayar da ƙarfenta, sai abin da ya saura a ciki ya fito ya bi unguwa, aka kwashi mutane da dama zuwa asibiti. Tukunyar da ya kamata ta koma hannun wanda ya san ta, sai ta faɗa hannun wanda nauyinta kaɗai ya sani.

Cikin watan Yuni 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Challawa, inda aka rufe su tsawon makonni lokacin annobar korona. Allah ya tsare ba a yi gobara ba. A Ikorodu ta Jihar Legas, cikin Satumba 2002, wuta ta kama wata masana'antar robobi da dare ƙofofi suna kulle, ma'aikata da yawa suka ƙone a ciki. Ran 15 ga Oktoba 2024 kuwa tankar mai ta faɗi a Majiya cikin Jihar Jigawa, jama'a suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Irin wannan tanka ce take ratsa Hotoro safe da yamma.

Duk waɗannan abu ɗaya suke nunawa. Doka tana ofis, an rubuta ta da Turanci, manaja ya sa hannu, an ajiye cikin fayil. Guba kuwa tana hannun leburan yini wanda aka ɗauka da safe a bakin ƙofa, da direba, da ɗan dako, da ɗan gwangwan, da mai shago, da matar da ta sayi duron sinadari tana tara ruwan sha a ciki. Ilmin bai sauko inda hannu yake taɓa duro ba. Ga shi kuma tarar da ke cikin dokar 1987 ta 'yan dubban naira ce bisa lissafin wancan zamani, abin da yau ba ya tsorata mai babbar masana'anta. Aikin dubawa kuma ya rabu tsakanin hukumomi da yawa, ta ƙwadago da ta muhalli da ta magunguna da ta mai da 'yan kwana-kwana, kowace tana iya zaton wata ta duba. A Bairut ta ƙasar Labanan an ga ƙarshen irin wannan. Tan 2,750 na sinadarin da ake yin taki da nakiya da shi ya yi wajen shekara 6 a sito ɗaya a tashar jiragen ruwa, ma'aikata suna ta rubuta wa juna takardu, har ran 4 ga Agusta 2020 ya fashe ya kashe fiye da mutum 200.

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA RIGA SUKA FAƊA

Kada wani ya zaci wannan magana baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Tsare rai yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, gusar da cuta kuma ƙa'ida ce babba a wurin malaman Malikiyya. Shaihu Halilu, cikin Muhtasar wanda ake karantawa a zaurukan Kano, a babin tarayya, ya ambaci hayaƙin gidan wanka da warin majema cikin abubuwan da alƙali yake hana mutum cutar da maƙwabcinsa da su. A wani wurin kuma ya ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani, da mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, ya sami halin gyara bai gyara ba, har ta faɗa wa mutane. Tankin da ya yi tsatsa, sufeto ya rubuto takarda aka jefa ta cikin aljihun tebur, mene ne bambancinsa da wannan katanga?

Haka kuma a babin ciniki, ɓoye aibin haja algus ne. Wanda ya kankare alamar duro don ya yi kyan sayarwa, ko ya juye sinadari cikin buhun da ba suna, ya ɓoye abin da mai saye zai guje shi da ya sani. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa gaskiya suka faɗa, amma imani da ƙaddara ba ya sauke lamuni daga wuyan mai sakaci. Sananne ne cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali.

HUJJAR MASU MASANA'ANTU

Adalci ne a saurari masu masana'antu. Suna cewa wutar lantarki ba ta isa, man janareta ya yi tsada, haraji ya yi yawa, kayan waje sun cika kasuwa, masana'antu da yawa a Sharada da Bompai sun riga sun rufe, in an ƙara musu nauyi sauran ma za su bi, dubban magidanta su rasa abinci. Suna kuma cewa su suka riga zuwa, gidaje ne suka iske su. A cikin wannan akwai gaskiya, laifin barin gidaje su matso jikin daffo da masana'anta kuwa yana kan masu yanka filaye da masu ba da izinin gini.

Amma fa mafi yawan abin da yake tsare rai ba shi ne mai tsada ba. Raba asid da salfaid wuri ne kawai yake ci. Barin ƙofa a buɗe ba ya cin ko kwabo. Famfon ruwa kusa da inda ake juye asid, da igiya da mai tsaro a bakin rami, da rabin sa'a ta koyarwa ga sabon lebura, duk ba su kai kuɗin gobarar dare ɗaya ba. Fatar Kano kuma Turai ake kai ta, masu saye a can suna ƙara tambayar yadda aka jeme ta. Attajirin da ya gyara gidansa kasuwarsa ya tsare. Araha dai ba ta ado.

ABIN DA YA WAJABA

A kan gwamnati, ta sabunta tarar dokar 1987 ta dace da zamani, ta haɗa kan hukumominta su riƙa dubawa tare, ta hana sabon gini a jikin daffo da wuraren ajiyar gas. Mafi muhimmanci, ta wajabta a rubuta gargaɗin kowane duro da kowace ƙofar sito da Hausa, boko da ajami. Takardun naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da ajami don kowa ya san ƙimar abin da ke hannunsa. In an yi wa kuɗi haka, rai ya fi cancanta.

A kan 'yan kasuwa, kada su sayi farin gari ko ruwan da ba shi da suna da takarda, kome arhar da aka yi musu. Kada a ajiye sinadari a shago ɗaya da abinci. Duron da ya taɓa ɗaukar guba kada a sayar da shi don ruwan sha ko man girki. Shugabannin 'yan gwangwan su kafa wa mutanensu sharaɗi, tukunyar ƙarfe rufaffiya ba a sa mata guduma ko wuta sai wanda ya san ta ya duba.

A kan malamai kuwa, nasu ya fi na kowa sauƙi, ya kuma fi nisan zango. Da yawa daga cikin leburorin nan da masu tsintar gwangwan almajiransu ne, ko masu sallah a bayansu. Malamin da ya tambayi almajirinsa inda yake aiki da abin da yake taɓawa ya sauke wani yanki na amanar da iyaye suka ba shi. Limamin Hotoro ko na Sharada ko na Panshekara yana iya gaya wa jama'a cikin 'yan kalmomi abin da zai cece su. In an ji baƙon wari mai shaƙe numfashi, kada a tafi kallo, a dubi inda iska take kaɗawa a ratse mata, a nufi tudu. In tanka ta faɗi, a yi nesa da ita, fetur ɗin da ya zube ba ganima ba ne. Wanda sinadari ya zuba masa a jiki ko a ido, a tuɓe rigar, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15. Wanda ya haɗiye shi, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja, a kai shi asibiti tare da sunan abin da ya sha. Wanda ya faɗi cikin rami kuwa, kada kowa ya bi shi da ƙirji buɗe, a kira 'yan kwana-kwana.

Mutanen Bofal ba su san abin da ke bayan katangar da suke kwana a jikinta ba sai daren da ya fito musu. Mutanen Hotoro da Bompai da Sharada da Challawa suna da haƙƙin su sani tun da rana, masu unguwanni kuma suna da haƙƙin su tambaya. Gemun maƙwabta ya riga ya kama wuta, saura kowa ya shafa wa nasa ruwa.

Allah ya kiyaye bayinsa daga sharrin abin da suka sani da wanda ba su sani ba, ya sa albarka cikin sana'o'insu, amin. Wassalamu.